Tsoron Hawa Jirgin Sama Ba Zunubi Ba Ne

Ya Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani abu da mutane da yawa suke ɗauke da shi a zuci amma kunya ta hana su furtawa, wato tsoron hawa jirgin sama. Ni Bahaushe ne Kirista, tsohon malamin firamare, kuma ɗaya daga cikin dattawan wata ƙaramar ikilisiya a karkarar Sumaila. Na san mafi yawan masu karanta jaridar nan 'yan'uwanmu Musulmi ne, kuma ina fatan za su yi haƙuri da ni idan na yi magana da harshen addinina, domin da shi na yi jinyar wannan ciwo, amma ina kyautata zaton duk wanda ya taɓa raka maniyyaci filin jirgi zai gane abin da nake nufi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru a gabana watan jiya. A wani taron zumunta da ya haɗa ikilisiyoyin yankinmu, wata dattijuwa wadda ɗanta ya biya mata kuɗin ziyarar Urushalima ta miƙe tsaye ta roƙi a sa ta a addu'a, ta ce tun ranar da aka kawo mata labarin tafiyar barci ya ƙaurace mata saboda tunanin jirgi. Sai baƙon mai wa'azi da aka gayyato ya karɓi maganar, ya ce mata tsoro alamar rashin bangaskiya ne, wanda yake da Yesu a zuciyarsa ba ya tsoron komai, don haka ta tuba. Na ga baiwar Allah nan ta koma ta zauna a hankali, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuskarta, har aka tashi ba ta sake ɗaga kai ba. Ban ce komai a wurin ba, domin ba tarbiyyarmu ba ce a katse baƙo a gaban jama'a, amma abin ya tsaya mini a rai, saboda na san ciwon da take ji, na yi shekara fiye da ashirin ina ɗauke da irinsa.

Mu mutanen Kano ba a banza muke tsoron jirgi ba. Gaskiya ne cewa garinmu ya riga kowane gari a ƙasar nan ganin jirgin sama, tun da a Kano jirage suka fara sauka a shekarar 1925, amma kuma ƙasar Kano ta sha hawaye a kansa. Ina yaro matashi a watan Janairun 1973 lokacin da jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano cikin hazo, mutum 176 suka rasu, kuma ina tuna yadda manya suka kewaye rediyo a ƙofar gidan mai unguwa ba mai cewa uffan. A 1991 wani jirgin alhazai da ya nufo Sakkwato ya faɗi a Jidda da mutum 261, ba wanda ya fita. A 2006 muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo a haɗarin da ya auku jim kaɗan bayan tashin jirginsu daga Abuja. Duk waɗannan a kunne na ji su. Wanda na gani da idona shi ne na ranar Asabar, 4 ga Mayun 2002.

Ran nan ikilisiya ta aike ni birni in sayo kwanon rufi da ƙusa, domin iskar farkon damina ta yaye mana gefe ɗaya na majami'a. Ina Kasuwar Ƙofar Ruwa muna ciniki da rana tsaka sai muka ji wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, can kuma sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe ta wajen Gwammaja. Jirgin fasinja ne da ya tashi zuwa Legas ya faɗo a kan gidajen mutane, ya hallaka fiye da mutum ɗari, na cikinsa da na ƙasa, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Na bi ayarin mutane da gudu ko zan iya taimakawa, amma ban iya ƙarasawa ciki ba saboda zafi da cunkoso. Abin da ya zauna mini har yau shi ne wani takalmin yaro ƙafa ɗaya da na gani a bakin kwata, da wata mata da take ta kiran sunan ɗanta har muryarta ta dushe. Na koma gida da kwanon a bayan a-kori-kura, kuma na yi kwana uku abinci ba ya wuce mini maƙogwaro. Daga ranar, ko ƙarar jirgi na ji a sama ina gona, sai na dogara da fartanya na bi shi da ido har ya ɓace. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Na ɓoye wannan tsoro shekara da shekaru, kuma ɓoyewar ta kai ni ga abin da har yau nake neman gafarar Ubangiji a kansa. Akwai shekarar da aka ba yankinmu kujerar ziyarar Ƙasa Mai Tsarki, wato Urushalima da kewayenta, 'yan'uwa suka haɗu suka ce ni ya kamata in je. Ni da na yi shekaru ina koya wa yara labarin Baitalami da Kogin Urdun da Tekun Galili, na ce musu girbin dawa ba zai bar ni ba. Ƙarya na yi, domin ina da 'ya'ya da ƙanne da za su iya girbe gonar cikin kwana huɗu. Na zaɓi in yi ƙarya a gaban ikilisiya da in ce ina jin tsoro, saboda na san irin kallon da za a yi wa dattijon da yake tsayawa a gaba ran Lahadi yana ƙarfafa wasu. Wannan shi ne abin da irin wa'azin baƙon nan yake haifarwa. Mai tsoro ba ya daina tsoro don an kunyata shi, sai dai ya koyi ɓoyewa, ya kuma ɗora wa kansa nauyin laifi a kan nauyin da yake ɗauke da shi tun farko.

Bara waccan ne Allah ya kawo ranar da ɓuya ta ƙare. 'Yata ta biyu tana aure a Legas, sai mijinta ya bugo waya da daddare ya ce haihuwa ta zo da gardama, an yi mata aiki, jikin kuma ya yi tsanani, tana ta kiran sunana. Na ce masa da asuba zan kama hanyar tasha. Ya ce, "Baba, hanyar mota ta kai kilomita dubu, in ka taso gobe sai jibi za ka iso, ni kuwa ban san abin da jibi za ta zo da shi ba. Na riga na saya maka tikitin jirgi, tafiyar awa ɗaya da rabi ce." Na riƙe wayar na kasa magana, domin hanyar nan ta Kano zuwa Legas ita ce dai hanyar da jirgin Gwammaja ya nufa. Mai ɗakina tana zaune a bakin gado tana kallona, ita kaɗai ce a duniya ta san abin da ke cikina. Ta ce, "Malam, yau kam sai dai ka je ka gaya wa Fasto gaskiya."

Na je na ƙwanƙwasa masa ƙofa wajen ƙarfe goma na dare. Fastonmu yaro ne a kaina, sa'an ɗana na fari ne, kuma na ji nauyin in zauna a gabansa in ce tsoro nake ji, amma na faɗa masa komai, har da maganar girbin dawa. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi mini alkawarin cewa jirgin ba zai faɗi ba. Ya ɗauko Littafi Mai Tsarki ya haska da tocila, ya buɗe Zabura ta 56, ya nuna mini inda Dawuda yake cewa a ranar da yake jin tsoro zai dogara ga Allah. Ya ce, "Baba, ka lura mutumin da ya kashe Goliyat ne yake wannan magana. Bai ce ba ya jin tsoro ba, ya faɗi inda yake kai tsoron ne in ya zo." Daga nan ya kai ni ga labarin gonar Getsamani, inda Luka ya rubuta cewa Ubangijinmu Yesu da kansa ya yi addu'a cikin matsananciyar wahala har guminsa ya zama kamar ɗigon jini. Ya ce in har rawar jiki a gaban mutuwa zunubi ce, to, yaya za mu yi da wannan aya, alhali mun gaskata cewa Almasihu bai taɓa yin zunubi ba?

Na ce masa to ya roƙa mini Allah ya ba ni tabbacin cewa zan sauka lafiya. A nan ne ya faɗa mini maganar da ta sauya mini addu'ata gaba ɗaya. Ya ce zai roƙa mini sauka lafiya da dukan zuciyarsa, domin an umarce mu mu kai dukan buƙatunmu gaban Allah, amma tabbaci ba a hannunsa yake ba, kuma cikin waɗanda suka rasu a Gwammaja akwai masu addu'a da suka fi mu. Ya tuna mini da samarin nan uku na littafin Daniyel, waɗanda suka gaya wa Sarki Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderun wuta, amma ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Sai ya karanta mini Romawa sura 14 aya 8, inda Manzo Bulus yake cewa ko mun rayu ko mun mutu, mu na Ubangiji ne. A daren nan na gane cewa duk shekarun nan addu'ar da nake so in yi laya ce, irin wadda kakanninmu suke ɗaurawa a damtse kafin su shiga daji, wato in karanta wasu kalmomi in ɗaure hannun Allah da su. Da yake zuciyata ta san ba a ɗaure hannun Allah, shi ya sa addu'ar ba ta taɓa kwantar mini da hankali ba. Muka durƙusa a kan tabarmarsa, na ce, "Ya Uba, ina jin tsoro, ka sani. Ina roƙonka ka kai ni wurin 'yata. Raina naka ne a gona, naka ne a kan hanyar Wudil, naka ne kuma a cikin gajimare." Ban daina jin tsoro a take ba, amma na yi barci a daren, abin da ban zata ba.

Akwai mutum na biyu da Allah ya yi amfani da shi, kuma ba zan yi adalci ba in ban ambace shi ba. Maƙwabcina ne, Musulmi, wanda ya sauke farali har sau biyu, gonarmu iyaka ɗaya. Da ya ji labari da asuba bayan ya fito daga masallaci, shi ya ce zai raka ni har filin jirgin Malam Aminu Kano. A cikin mota ya riƙa yi mini bayani dalla-dalla kamar mai koya wa yaro karatu. Ya ce, "Malam, in jirgi ya ɗaga za ka ji wani ƙum a ƙarƙashin ƙafarka, kada gabanka ya faɗi, tayoyi ne suke komawa ciki. Can kuma za ka ji ƙarar inji ta ragu kamar zai mutu, matuƙi ne ya sassauta don an gama yunƙurin tashi. In kunnenka ya toshe ka haɗiyi yawu ko ka yi hamma. In ya fara girgiza, ka ɗauka gargada ce irin ta hanyar ƙauyenmu, iska ma tana da nata ramukan, kai dai kada ka kwance bel ɗinka." Na ce, "Alhaji, kai ba ka ji tsoro ba?" Ya ce ranar farko har rigarsa ta jiƙe da gumi, bakinsa bai daina ambaton Allah ba har suka sauka Jidda.

Duk abin da ya faɗa haka ya faru, ɗaya bayan ɗaya. Da jirgin ya fara gudu a kan titinsa na ji bayana ya manne da kujera, na damƙe hannun kujerar har yatsuna suka yi sanyi, ina maimaita Zabura ta 121 a zuci, wadda take cewa Ubangiji zai kiyaye fitarka da shigarka. Da na ji ƙum ɗin nan zuciyata ta buga, amma nan take muryar Alhaji ta dawo mini, na ce tayoyi ne. Da ƙarar inji ta ragu na ce an sassauta ne. Na tabbata da ban san waɗannan abubuwa biyu ba, da na ɗauka ajali ne ya zo, domin rashin sani ya fi dare duhu. Bayan kamar minti ashirin na yi ƙarfin hali na leƙa ta taga, sai na ga gizagizai a ƙarƙashinmu shimfiɗe kamar audugar da aka baza a rana, hasken rana kuma ya kwanta a kansu. Ni da na yi shekara sittin da 'yan kai ina ɗaga kai ina duban hadari don in san ranar shuka, ga ni yau ina kallonsa ta bayansa. Sai Zabura ta 139 ta faɗo mini, inda mai zabura yake cewa in ya hau sama Allah yana can, in ya ɗauki fikafikan asuba ya tafi ƙarshen teku, can ma hannun Allah zai bishe shi. Hawaye suka zubo mini. Ma'aikaciyar jirgi ta sunkuyo ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce mata lafiya ƙalau, 'yata. Kafin la'asar ina zaune a gefen gadon 'yata a asibiti riƙe da hannunta, kuma Allah cikin jinƙansa ya tashi kafaɗunta, jaririyar ma tana nan tana gudu a tsakar gida.

Daga baya na nemi sanin abin da na hau, domin malami ba ya son ya zauna cikin duhu. Na fahimci cewa irin waɗannan jirage suna tafiya ne a nisan kilomita goma ko fiye daga ƙasa, suna gudun da ya kai kilomita 800 a awa, cewa matuƙa biyu ne a gaba ba ɗaya ba, kuma an ƙera jirgi mai inji biyu yadda zai iya ci gaba da tafiya ya sauka da inji ɗaya idan ɗayan ya samu matsala. Na kuma fahimci cewa jinkirin da ake yi wa fasinjoji a Kano lokacin hunturu saboda hazo, wanda mutane suke ta ƙorafi a kansa, kiyaye rai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara a duniya, kuma ni kaina na binne ɗalibaina da abokaina da mota ko babur ya kashe, amma ban taɓa fasa shiga motar kasuwa da aka cusa mana mutum huɗu a kujerar mutum uku ba. Sabo ne ya sa ba ma ganin haɗarin da muke kwana muke tashi da shi.

Wani zai ce neman irin wannan sani raunin bangaskiya ne, wai mai dogara ga Allah ba ruwansa da yadda inji yake aiki. Ina roƙon mai wannan ra'ayi ya karanta Ayyukan Manzanni sura 27. Bulus yana cikin jirgin ruwa da mutum 276, guguwa ta yi ta wahalar da su har dare goma sha huɗu, kuma mala'ika ya riga ya gaya masa cewa ba ran da zai salwanta. Duk da haka, da ya ga ma'aikatan jirgin suna shirin sulalewa su gudu a ƙaramin kwalekwale, sai ya gaya wa jarumin soja cewa in mutanen nan ba su zauna a jirgin ba, ba wanda zai tsira. Mutumin da yake riƙe da alkawarin Allah bai raina gwanintar matuƙa ba, har ma ya matsa wa mutane su ci abinci don su sami ƙarfi. Shi ya sa yanzu in na shiga jirgi, kuma na shiga sau uku tun daga lokacin, nakan yi wa matuƙan addu'a, da makanikan da suka duba injin da daddare, da waɗanda suke zaune a hasumiya suna ba da hanya, in roƙi Allah ya ba su natsuwa da tsoronsa a cikin aikinsu. Har yanzu tafin hannuna yakan yi gumi lokacin tashi, ban kuwa ɗauki wannan a matsayin faɗuwa ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana fastoci da masu bishara da shugabannin zumuntar mata, musamman a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa inda mutum zai tsufa bai taɓa taka filin jirgi ba, da su sassauta harshe ga mai tsoro. Masu son kafa hujja da labarin guguwar Tekun Galili a Markus sura 4 su lura da yadda abin ya gudana, domin sai da Yesu ya tsawata wa iska ya kwantar da ruwan tukuna ya tambayi almajiransa dalilin tsoronsu, kuma bai sauke ko ɗaya daga cikinsu daga jirgin ba. Ina kuma roƙon hukumomin da suke shirya ziyarar Kiristoci, da na alhazai ma in sun ga dacewar hakan, su ware ko da awa ɗaya a cikin bitar da suke yi wa matafiya, a samu wanda ya san jirgi ya yi wa tsofaffinmu bayani da Hausa a kan ƙarar da za su ji, da girgizar da za su ji, da yadda ake ɗaura bel, da yadda ake buɗe ƙofar bayan gida. Abin da maƙwabcina ya yi mini a cikin mota bai ci ko sisi ba.

Ita kuwa dattijuwar nan, na je har gidanta ranar Talatar da ta wuce tare da mai ɗakina. Muka same ta tana sussukar gero, ta shimfiɗa mana tabarma a gindin darbejiya. Na ba ta labarin Gwammaja da na girbin dawa, ban rage komai ba, sannan na yi mata bayanin tayoyi da toshewar kunne kamar yadda aka yi mini, muka karanta Zabura ta 56 tare, muka yi addu'a. Da za mu tafi ta ce, "Malam, ashe har da ku?" Na ce mata har da mu, Iya. Ta ce in dawo mako mai zuwa in sake yi mata bayanin girgizar nan, domin tana so jikarta ta rubuta mata a takarda ta sa a cikin Littafinta, kuma na yi mata alkawarin ni zan raka ta filin jirgi ranar tafiya.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
daga karkarar Sumaila, Jihar Kano.